Mai Rijiya Ko Mai Zakara

Sallama gare ku 'yan uwa masu bibiyata, tsofaffi da waɗanda yau suka fara leƙowa. Na ga saƙonninku, masu tambayar ko an sa rana da masu yi mini tsiya wai na samu miji na manta da ku. Ban samu komai ba sai ramewa. Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Nasiba, malamar firamare ce ni a Filinge, kuma ni ce wadda aurenta ya maƙale a cikin kaset. Ku yi dariyarku, na yafe. Da wata ce ta ba ni labarin ni ma da na dara, amma satin da ya wuce ko fura na kai baki sai in ji kamar ƙasa nake sha.

Babana, Mushe Tahiru kamar yadda ake kiran malaman boko a nan, ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyar da lissafi a kwaleji har ya ajiye alli. Mutum ne na sahun gaba a masallaci, ba ya shiga sabgar kowa, ba ya cin goro balle taba. Ciwonsa ɗaya ne, kuma ba na likita ba ne. Tun yana ɗalibi a Yamai ya kamu da son kiɗan wasu Turawa masu gashi har kafaɗa, irin waɗanda a zamaninsu suke cika filin ƙwallo da jama'a su yi ta dukan jita da ganguna. Waƙarsu ɗaya sai ka dafa shayi ka sha, ka ɗora na biyu, ba ta kai ƙarshe ba. Sunansu na Ingilishi ne, harshena bai taɓa iya juya shi ba. Mamana Haske, Allah ya ji ƙanta, ita ta laƙaba musu 'Yan Tsawa, kuma sunan ya bi su har Baba da kansa haka yake kiransu.

Faya-fayensu ma ba mu san sunayensu na gaskiya ba, don Baba Faransanci ya iya, Ingilishi kuwa ko na gaisuwa ba ya ji. Da hoton bango ake gane su. Akwai Mai Fitila, akwai Mai Tsani, akwai Mai Kifi, akwai kuma sarkinsu, Mai Rijiya. Duk a kasuwar Yamai wani mai kwafar kaset ya yi masa su tun kafin ya auri Mama, hoton baƙi da fari, babu sunan waƙa ko ɗaya a jiki. Suna zaune cikin wani tsohon kwanon Mama mai murfi, a lulluɓe da ɗankwali, kuma ko tsintsiya ba a yarda ta kusance su ba. Duk safiya bayan ya dawo daga masallaci ya yi lazimi, sai ya fito da rediyonsa ƙarƙashin rumfa, ya sa biro ya juya zaren Mai Rijiya zuwa farko, ya danna. Da wannan kiɗan aka yaye ni, da shi na yi haƙori, da shi na yi makokin uwata.

To ga inda matsalar take. Duk wanda ya zo neman aurena, bayan an gaisa an tambayi iyaye, sai Baba ya gyara gilashi ya ce masa cikin faya-fayen 'Yan Tsawa wanne ya fi. Na farko wani ma'aikacin duwan ne, wato kwastan, ya ɗauka wasa ne ya ƙyalƙyale da dariya, daga ranar bai sake ganin cikin zaurenmu ba. Wani kuma na raɗa masa amsa tun a ƙofa. Ya shiga da ƙarfinsa ya ce Mai Rijiya, Baba ya ce don me, sai bawan Allah ya hau kallon sama kamar ɗalibin da bai yi bita ba. Waɗannan ban yi musu kuka ba, gaskiya ma wasu taimakona Baba ya yi. Amma Zaidu daban ne.

Zaidu ɗan Bonkuku ne, ma'aikacin dabbobi, shi ke bin rugage da motonsa, wato babur, yana yi wa shanu rigakafi. Dogo ne, baƙi, mai sanyin magana, in yana dariya sai ya rufe baki da bayan hannu kamar ya yi laifi. Ina son sa, ba zan tsaya yi muku kwana-kwana ba. Ina son sa irin son da in na ji ƙarar moto a layinmu sai in yanke hannu da wuƙar albasa. Ranar da Baba ya fara yi masa tambayar, ya durƙusa kansa a ƙasa, ya ce duk wanda Baba ya ce shi ne ya fi. Kowane uba a ƙasarmu ta Kurfai da ya ji wannan da ya ce an yi wa yaro tarbiyya. Nawa uban kuwa cewa ya yi, "Zaidu, ba ladabi na tambai ka ba. Tahi ka saurara, in ka samu abin hwaɗi ka komo."

Haka ya kama sunan, Zaidu, gatsau, kamar yana kiran suna a aji. Gwaggo Mairo, yayar Baba da ke zaune tare da mu tun rasuwar Mama, a wannan ta tsaya, ba a maganar kiɗa ba. Kun san al'adarmu. Ni 'yar fari ce, tun da aka haife ni Baba bai taɓa furta Nasiba ba, sai dai yarinyar ga. Mijin 'yar fari ma haka, suruki ba ya kama sunansa. Gwaggo ta ce mini in daina wahalar da kaina da sauraron abin da Baba ke cewa, in saurari abin da ba ya cewa. "Ran da kinka ji bakin ubanki ya kasa ɗaukar sunan yaron ga, to an gama. Muddin yana kiran shi Zaidu, baƙo na." A ganinta tambayar nan ƙofa ce kawai Baba ya kulle da ita, don ba ya son ranar da zai tashi babu mai auna masa gishiri a miya, babu mai miƙo masa ƙwayar hawan jini.

Ni da sai in ce mu bi shi a hankali, amma lokaci ya ƙi mu. Kawunnan Zaidu sun zo daga Bonkuku da goronsu sun koma da shi ba a kwance ba, suka sake zuwa suka sake komawa. Babbansu ya rantse ba zai ƙara taka ƙofarmu don a tambaye shi kiɗan Nasara ba, sai in Mushe Tahiru da kansa ya nuna ya karɓi yaron. Ana cikin haka takardar canjin wurin aiki ta fito, an tura Zaidu can gabas, wajen Gure, kuma washegarin kasuwar Lahadi zai kama hanya. Innarsa ta ce ɗanta ba zai tafi wata uwa duniya da zance a rataye ba, ko a tsayar da magana kafin ya tafi, ko kowa ya kama gabansa. Ban ga laifinta ba, wannan ne ma ya fi ci mini rai. Lahadi ita ce ranar ƙarshe, kuma kowa a gidajen biyu ya san haka.

Shi kuwa bawan Allah ya ɗauki abin kamar jarrabawa. Ya zuba faya-fayen nan kaf a wayarsa ta salula, ya cusa abin ji a kunne, yana tafe kan moto tsakanin gonakin da ake yankan gero 'Yan Tsawa na tsawa a kansa. Ya ce wani dattijon Bafulatani ya tambaye shi ko ciwon kunne yake yi, ya ba shi magani. Da farko saƙonninsa na kuka ne, wai mutanen nan ba su san inda ake tsayawa ba, wai waƙa ɗaya ta raka shi daga Damana har gida. Daga baya na ga sun canza. Sai ya turo mini cewa Mai Tsani ya cika nuna gwaninta, kowa na son a ji shi, Mai Kifi kuma rabinsa barci ne. Na ce a raina to, an samu na biyu a dangi.

Abu ɗaya ya dame shi. Ya ce ya saurari Mai Rijiya har ya gaji, bai ji abin da Baba ke yabo ba. Baba kan ce akwai wurin da komai ke yin tsit sai jita ɗaya ta rage tana kuka, sannan muryoyi su taso gaba ɗaya, shi kuma ya nema ya rasa. Ranar Laraba da safe ina shara, Baba ya kunna nasa kamar kullum, sai na laɓe bayan randa na ɗauki sautin na tura masa. Na tafi lakwal, wato makarantarmu, hankalina kwance. Yara sun fita hutun tara ina cin kopto, kwaɗon ganye, a bakin aji, sai saƙo ya shigo.

"Nasiba, kin tabbata wanga shi na Mai Rijiya?"

Na rubuta masa cewa tun ina goye nake jin sa, na haɗa da hoton kwalin da na taɓa ɗauka. Ya daɗe yana rubutu yana gogewa, ina kallon alamar tana zuwa tana ɓacewa.

"Kwalin na Mai Rijiya na. Kiɗin da ke ciki na Mai Zakara na. Tun daga waƙar hwarko har ta ƙarshe."

Kwanon kopto ya zame daga cinyata ban ma sani ba, sai da wata abokiyar aikina ta tambaye ni ko rasuwa aka yi.

Dole in gaya muku abin da Mai Zakara yake a gidanmu, in ba haka ba za ku ce hauka nake. Shi ne faifai ɗaya da Baba bai mallaka ba, bai taɓa saurara ba, kuma ya haramta. Tun a Yamai ya karanta a wata mujallar Faransa cewa da wannan faifan ne 'Yan Tsawa suka sayar da kansu, suka yi kiɗan da zai sa taro tafi don a cika fili. Daga ranar ya yanke masa hukunci, kuma Baba in ya yanke hukunci ko shi kansa ba ya iya ɗaukaka ƙara. Yana da aboki, Baba Sahabi na Tabla, tare suka yi makaranta, tabarma ɗaya kwano ɗaya, shi ya raka shi neman auren Mama. Shi kuma Mai Zakara ne nasa. Shekara da shekaru suna musu a kan sunayen nan biyu, Baba na cewa kunnen Sahabi na 'yan kasuwa ne, Sahabi na cewa ka dai saurara sau ɗaya, Tahiru.

Ranar sunana abin ya fashe. Gwaggo ta ce bayan an watse daga walima, Baba Sahabi ya zaro kaset daga aljihu yana murmushi, ya ce yau ranar farin ciki ce, yau dai za a ji. Ya sa shi a rediyo, yatsansa na kan maɓalli, Baba ya fizge kaset ɗin ya jefar a tsakar gida gaban mutane, ya ce ba a gidansa ba, ba a kunnen ɗiyarsa ba. Baba Sahabi ya sunkuya ya ɗauka, ya kaɗe ƙasar da hannun rigarsa, ya sa takalmi. Ba su yi gaba ta ƙin gaisawa ba, suna haɗuwa a jana'iza da ɗaurin aure, amma ba su sake zama tabarma ɗaya ba. Bara da damina Baba Sahabi ya rasu. Baba ya je aka rufe shi, ya dawo ya yi kwanaki rediyon na rufe.

Kun gane yanzu? Da ya bar yatsan nan ya danna, da kiɗan da yake ji kowace safiya ne zai fito. Abu ɗaya suke so su biyun, mai kwafar kaset ne ya sa zaren wani a kwalin wani, su kuma suka rabu a kan haka har kabari ya shiga tsakani.

Ana tashi daga lakwal ban nufi gida ba, na wuce ofishinsu Zaidu da allina a hannu, mayafina a karkace. Na same shi a gindin bishiyar bedi yana wanke allurai. Ban ko gaishe shi ba na hau roƙo. Na ce abin ai ya zo da sauƙi, yanzu ya san kiɗan da Baba ke nufi, ranar Lahadi ya ce Mai Rijiya, in an ce don me ya kwatanta wurin da jita ke kuka. Baba zai ji daɗi, kawunnai su zo, shi ke nan, wa ya sani, wa zai sani? Ya ci gaba da juya allura cikin ruwa, ga shi kuma na taɓa ba shi labarin Baba Sahabi.

"In yi mai ƙarya ran da za ya ba ni ke?"

"Ba ƙarya ba ta, suna na kawai."

"Sunan ga shi ya raba shi da amininai, Nasiba."

Nan na rasa kaina. Na ce masa shi yana da uwa da uba da kawunnai har na rantsuwa, ni tsoho ɗaya ya rage mini, mai hawan jini, kuma yana so ya je ya gaya masa cewa ya wulakanta amininsa a banza. Na ce in Baba ya faɗi a kan wannan magana ba zan yafe masa ba, in kuma Baba ya kore shi to shi ya kori kansa. Na ce wane irin so ne wannan da ba zai iya haɗiye kalma ɗaya ba. Har cewa na yi ko dama ya gaji ne yana neman hanyar tafiya Gure ba nauyi. Wannan ta shige shi, na gani a idonsa, amma bai rama ba. Ya ce zai yi tunani, ya ce in daina kuka a bakin titi. Bai yi mini alkawari ba, kuma na lura da hakan.

Kwanakin da suka biyo ban san yadda na yi su ba. Na koya wa yara darasi ɗaya sau biyu, su suka tuna mini. Na zuba sukari a miyar kuka. Ina tura wa Zaidu saƙo kamar mai ciwo, don Allah, don darajar iyayenka, ka ce Mai Rijiya, shi kuma sai ya amsa da tambayar ko na ci abinci. Ranar Juma'a da Baba ya tafi masallaci na shiga ɗakinsa na buɗe kwanon, da niyyar in ɗauke kaset ɗin in jefa a masai, in babu shi ai babu shaida. Da na ɗaga shi wajen haske sai na ga inda zaren ya taɓa tsinkewa an liƙe shi da jan farce. Na tuna ranar, ina ƙarama, Mama ce ta liƙe masa tana yi masa tsiya wai ta ga ranar da za a yi wa 'Yan Tsawa kwalliya. Na mayar da shi na rufe, na zauna bakin gadon na yi kuka mai isata.

Lahadi ta zo da hayaniyar kasuwa, amalanke da raƙuma na wucewa ta layinmu tun da sassafe. Na sa atamfata shuɗiya mai ganye, wadda Zaidu ya taɓa cewa ta yi mini kyau, na ɗaura ɗankwali ya ƙi zama, na kwance na sake har Gwaggo ta karɓa ta ɗaura mini. Da hantsi ya yi sallama. Farar shadda ya sa, sabuwar aski, hula a hannu ba a ka ba. Ya cire takalmi tun daga zaure ya durƙusa nesa da tabarmar Baba. Ni da Gwaggo muna bayan zanan madafa, ta kama tsintsiyar hannuna kamar za a yi mini allura.

Suka gaisa, aka tambayi Bonkuku, aka tambayi shanu da yadda gero ya yi bana. Sannan Baba ya gyara gilashi.

"To Zaidu, ka saurara?"

"Na saurara, Baba. Dukkansu."

"Wanne ya hi?"

Na rufe ido ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Zaidu ya ce wanda Baba ke sawa kowace safiya shi ya fi, kuma ba don ladabi ya faɗa ba. Ya ce sauran suna nuna abin da hannunsu ya iya, wannan kuwa kamar mutanen sun gaji da nuna kai ne suka zauna suka faɗi abin da ke damunsu. Ya kwatanta wurin da komai ke yin tsit. Na leƙa ta ramin zana na ga Baba na gyaɗa kai a hankali, bakinsa na son yin murmushi, abin da ban taɓa gani ya yi wa wani manemi ba. Na ce a raina ya isa, Zaidu, tsaya nan, don Allah tsaya nan.

"Sai dai, Baba, ku gahwarce ni. Ba sunanai Mai Rijiya ba."

Baba ya ce ya maimaita. Ya maimaita, kansa na ƙasa, ya yi bayanin kwali da zare, ya ce kuskuren mai kwafa ne, kowa zai iya faɗawa ciki. Baba bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da na fi samun sauƙi. Ya ce yaron da aka haifa jiya ne zai zo gidansa ya koya masa abin da ya fi shekara arba'in yana ji, to ya sa masa Mai Rijiyar tasa ta cikin salula. Zaidu ya sa. Wani kiɗa ya fito, baƙo, ban taɓa jin sa ba. Baba ya saurara kaɗan ya taɓe baki ya ce wannan ai ba a gama dafa shi ba.

"Sa ɗayan," in ji shi. Ko sunan bai iya faɗa ba.

Zaidu ya danna. Sautin farko na fitowa na gane shi, don shi ne dai, na safiyarmu, sai dai babu shuuu ɗin tsohon zare. Yatsun Baba suka fara bugun gwiwarsa da kansu kamar yadda suka saba, kafin shi ya ankara. Sai na ga ya kalli hannun, hannun ya tsaya. Ya bari har aka kai wurin da jita ke kuka, sannan ya ce a kashe.

Daga kasuwa muna jiyo cinikin awaki. Baba ya cire gilashi ya riƙe. Da ya yi magana ba da Zaidu yake ba, ba da kowa ba.

"Ke nan ran sunan yarinyar ga, abin da Sahabi ya sa cikin rediyon ga..."

Bai ƙarasa ba. Ya dafa ƙasa ya tashi, da ƙyar, kamar an ƙara masa shekaru a zaune, ya shiga ɗaki ya saki labule.

Na manta da kunya, na manta da al'ada, na fito daga bayan zana. Na tsaya kan Zaidu na ce masa ya kashe ni, ya huta, Allah ya kiyaye hanyar Gure. Bai ɗago ba, na ga hawaye na ɗiga kan farar shaddar. Na ɗauko ƙwayar Baba da moɗar ruwa na tsaya bakin labule ina kiran sa, bai amsa ba. Ina jin motsi, buɗe akwati, rufe akwati. Tsoro biyu suka haɗu mini, na kar in ji faɗuwarsa, da na kar ya fito ya ce wa Zaidu ya bar masa gida. Ban san wanda ya fi ba, kuma na ji kunyar kaina da na kasa sani.

Da labulen ya ɗaga, babbar rigarsa fara ce a jikinsa, wadda yake sawa in za shi gaisuwar mutuwa. Idonsa ja. A aljihun gaba ina hango kwalin kaset ɗin. Ya ce wa Gwaggo za shi Tabla, wajen iyalin Sahabi, akwai maganar da ya kamata su ji daga bakinsa, kuma yana so a nuna masa kabarin ya tsaya kansa. Gwaggo ta ce yau kasuwa, motoci ba sa juyawa sai yamma, ya bari gobe mana. Ya ce ya bari shekara ashirin da wani abu, ba zai ƙara kwana ba.

Sai ya juyo gare ni. Zaidu na nan durƙushe gabansa, taku kaɗan tsakaninsu, amma Baba bai dube shi ba, ni ya duba.

"Yarinyar ga, ki ce ma Za..."

Ya tsaya. Na ga bakinsa ya buɗe ya rufe. Ya yi gyaran murya, ya kawar da kai wajen rumbu kamar akwai abin kallo a can.

"Ki ce ma mutumen Bonkuku, in da esansi cikin motonai, shi kai ni."

Gwaggo ta matse hannuna har sai da ruwan moɗar ya zube mini a ƙafa. Ni kuwa na jingina da bango, kukan da na yi ta yi duk sati ya dawo, amma wannan karon ban san sunansa ba. Shi gogan bai gane komai ba, yana nan a durƙushe yana jiran a kore shi. Sai da Gwaggo ta je kansa ta ce, "Tashi, ɗan nan, kana barin surukinka tsaye cikin rana."

Ya ɗago ya kalle ta, ya kalle ni, ya tashi da sauri har ya bar hularsa a ƙasa, ya sa takalmi ƙafar dama a hagu. Na bi su zaure. Baba ya tattare babbar riga ya hau baya, ya rasa inda zai sa hannu, daga ƙarshe ya ɗora shi a kafaɗar Zaidu. Moto ta tashi, suka kutsa cikin 'yan kasuwa da amalanken gero har na daina hango farar rigar.

Sai da suka ɓace na ga ƙwayar tana nan a tafin hannuna, ta fara narkewa. Na ɗauko salula na rubuta masa cewa Baba bai sha maganinsa ba, ya tsaya a kanti ya saya masa, kuma in an kawo abinci a Tabla ya ɗanɗana miyar tukuna saboda gishiri. Na tura, na koma ciki na ɗauke hularsa daga ƙasa na kaɗe.